Waƙoƙin da ban sa maka a memori ba

Garwa, 12 ga Afrilu

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Ya zaman Jidda, ya aiki? Mu nan sai godiya. Zafi ne dai ya kai inda ka san yana kaiwa a wannan wata, Binuwai ya janye har yara na buga ƙwallo a kan rairayi, da dare kuma kowa a tsakar gida yake shimfiɗa. Inna ta ce turaren ya iso, Allah ya yi maka albarka.

Saƙonka ya same ni ranar Juma'a, inda ka ce in cika maka memori da waƙoƙin da ake yayi a gida in ba Alhajin da zai taho Umra, don a samu abin kunnawa ranar suna. Na yi, amma za ka tarar bai cika ba, ko rabi bai kai ba. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuto maka dalili, kada ka zaci ganda na yi.

Na je wurin yaron nan mai tura waƙoƙi a babbar kasuwa, na zauna a bencinsa wajen awa biyu yana kunna mini ɗaya bayan ɗaya. Wallahi akwai waɗanda ban bari sun yi minti guda ba na ce ya kashe, domin kusa da mu wata dattijuwa ce ke sayar da gyaɗa, na kasa ɗaga kai in dube ta. Yaron ya yi mamaki, ya ce ai Baba waɗannan su ne aka fi nema. Na san gaskiya ya faɗa, abin da ya fi damuna ke nan.

Bari in ba ka labarin abin da ya same ni bayan ƙaramar Salla. Na raka surukina zuwa Marwa ta'aziyya, muka shiga motar haya, kujera ɗaya, kafaɗarmu na gugar juna. Ba mu kai garin Fitowa ba direba ya saki wata waƙar Faransanci irin ta kudancin Kamaru, kiɗa mai zafi, mawaƙin yana lissafa jikin mace gaɓa gaɓa, yana faɗar abin da ko miji da mata ba sa faɗa da rana. Ka san surukin nawa, Malam, shekara talatin ya yi yana koyarwa a makarantar boko, babu kalmar da ta wuce shi. Ya ciro carbi ya juya fuska wajen taga, ni kuma na sunkuyar da kai ina duban takalmina, gumi na bin bayana, ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige. A gabanmu wata mata ce da 'yarta budurwa, uwar tana gyaɗa kai da kiɗan don ba ta jin Faransanci, 'yar kuwa ta ja mayafi ta rufe fuska don ita tana ji. Sai da wani Bafulatani dattijo ya ɗaga murya ya tambayi direban ko ba shi da semteende, wato kunya, sannan ya rage sauti. Rage shi kawai ya yi, bai kashe ba. Tafiyar sama da kilomita 200, ni da Malam ba mu ƙara haɗa ido ba har muka sauka.

Abin da na lura da shi, Faransanci ya zama mana mayafin batsa. Maganar da in aka faɗe ta da Hausa ko Fulatanci za a tashi a bar wurin, in ta zo da Faransanci sai a kunna ta a gaban kowa, a ce ai kiɗa ne. Za ka tuna 2015, lokacin da waƙar mawaƙi Franko mai suna Coller la petite ta cika ƙasa, har shugaban gundumar Mifi, can Bafusam, ya hana kunna ta. A nan Garwa bayan hanin ne ma na fi jin ta a baburan 'yan acaɓa. Kuma ba kiɗan kudu nake zagi ba. Manu Dibango ɗan Duwala ne, ya fitar da sunan Kamaru duniya da makosa tun 1972, har ya rasu a 2020 ban taɓa jin abin da zai sa in kashe rediyo don babba ya shigo ba.

To amma kada mu ɗora wa mutanen kudu laifin duka, namu na Hausa ma akwai abin faɗa, kuma shi ya fi yi mini ciwo tunda harshena ne. Wani nau'in kunyar ba na batsa ba ne, na taya mutum jin nauyi ne. Za ka ji saurayi ya shiga situdiyo, an danna masa kiɗan fiyano ɗaya da aka riga aka yi wa mutum hamsin, an bi muryarsa da Auto-Tune har ta koma kamar kukan sauro a cikin gwangwani. Ita wannan manhaja a Amurka aka fito da ita a 1997 don gyara ɗan kuskuren murya, mu kuma muka mayar da ita muryar gaba ɗaya, mace da namiji ba ka bambance su. Baitocin kuwa zuciya, hawaye, zuma, madara, a juya a sake juyawa minti shida. Da kalma ta ƙi hawa ƙafiya sai a karya ta, a ja gajeren wasali a mayar da shi dogo, ma'ana ta sauya, mawaƙin bai ma sani ba. Kai da ka yi karatun waƙoƙin wa'azi a makarantar allo, ka san yadda malamanmu ke auna baiti, da ka ji wasu sai ka riƙe kai.

Sai waƙoƙin biki da ake saya. Ƙanen matata ya tura sefa dubu talatin aka yi masa ta aurensa, aka turo ta WhatsApp. Ranar kamu aka kunna a lasifika, mawaƙin yana yabon ango da cewa jikan sarakai ne mai rabon motoci, alhali duk unguwa ta san tela ne mai keke ɗaya, mutumin kirki da bai buƙatar ƙarya. Sunan kakar amarya ma ba a faɗe shi daidai ba. Angon ya yi murmushin dole, na ga kunnuwansa kamar za su kama da wuta. Bayan sati biyu na ji waƙar nan dai a wani biki a Rumde Ajiya, sunaye kawai aka sauya. Na siyasa kuwa ba sai na ɓata takarda ba, mai yabon wane bana shi ne mai zaginsa baɗi.

Na san abin da za ka ce, domin mun sha wannan gardama a shagon Baffa: tsufa ne ya kama ni, kuma na da ma ba waliyyai ba ne. Ban musa ba. Shata ya yi zambo mai zafi, ya yi waƙoƙin da malamai ba su so ba. Barmani Choge ta faɗi maganganun da namiji zai ji ya kau da kai. Amma ita kiɗan ƙwaryarta na mata ne, a cikin gida, ranar biki ko suna, maza na waje, yara an kora su wasa. Kowace waƙa da wurinta da masu jinta. Kuma ko ba ka son abin da Shata ya faɗa, ba za ka ce bai iya Hausa ba, ga kalangu na amsa masa kamar mutum. Ɗan Maraya Jos kuntigi ɗaya ya riƙe, tsirkiya ɗaya, ya yi wa talaka waƙar da har yau direba da ɗan dako ke jin da su ake. Shata ya rasu a 1999, Barmani a 2013, Ɗan Maraya a 2015, ga shi har yanzu ana kunna su ba wanda ke sunkuyar da kai. Yau waya da lasifika sun rushe katangar da ke tsakanin ɗakin mata da zaure, tsakanin mashaya da motar haya. Kano suna da hukumar tace fina-finai tun 2001, tana kama wannan ta hana wancan, amma ikonta bai ƙetaro iyaka ba.

Abin da ya sa na kasa yin shiru shi ne auta. Shekararta shida. Shekaranjiya tana wanke 'yar tsanarta a bakin rijiya na ji tana rera wani amshi, da muryar nan tata mai daɗi da take karanta Fatiha da ita, kalmomin kuwa ba zan iya rubuta maka su ba. Ba ta san me take faɗa ba, a wurin mai cajin waya na ƙofar gida ta ɗauka. Uwarta ta ɗaga hannu za ta make ta, na hana, don ba ita ta yi laifi ba. Na je na sami mai cajin, na yi masa magana a hankali, ya ba ni haƙuri, yanzu da yamma yakan rage. Daren nan ban yi barcin kirki ba.

Ga abin da za ka tarar a memorin. Na sa Shata da Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya da yawa, na sa Ali Baba namu na Garwa don ka tuna gida, da waƙoƙin bege waɗanda na san uwargida na so. Cikin na zamani na zaɓo goma sha biyu, kuma ka saurare su da kyau, akwai yara masu basira da suka san Hausa, suna gina baiti yadda ya kamata, soyayyarsu ma da kunya a cikinta. Kowacce sai da na ji ta daga farko har ƙarshe, ina tambayar kaina ko zan iya barinta tana tashi Malam ya yi sallama ya shigo. Na Barmani suna cikin wani kundi daban da na rubuta wa "na mata", ka miƙa wa uwargida ita ta san lokacinsu.

Alhaji zai bi jirgin ƙasa daga Ngawundare ranar Talata, ya tashi daga Yawunde. Na haɗa masa da kilishi da 'yar jakar kuka, ka aika a karɓa da wuri kafin ya wuce Madina. Ka gaishe da mai jego, ka shafa mini kan jaririn, Allah ya raya shi. In ka ji waƙoƙin ka turo mini saƙo, musamman ta bakwai, ina so in ji ko ta kama ka yadda ta kama ni.

Wassalam,
Naka amini, daga Garwa