Da haƙori ɗaya kuka yanke wa al'umma guda hukunci

Assalamu alaikum Malam Edita, ranka ya daɗe, da fatan kana lafiya da sauran ma'aikata.

Gaskiya shirinku na kimiyya na ranar Lahadi ya ɓata min rai, ba komai ya jawo ba sai yadda baƙon naku ya dage yana ta nanata wai mutanen Niyandatal, wani jinsin mutanen zamanin da can da ya ƙare, nama zalla suke ci kamar kuraye, shi kuma mai gabatarwa sai dariya yake yana cewa ashe 'yan tsire ne. To ni ban yi dariya ba don a gidana abin ya ƙare. Maigidana na da hawan jini, likita ya ce ya rage jan nama da kitse, wata uku kenan ina lallaɓa shi da kwaɗon zogale da faten wake har ya fara sabawa, ana gama shirin nan ya ture kwano ya ce kin dai ji da kunnenki, mutanen da suka fi mu ƙarfi ganye bai taɓa shiga bakinsu ba, nan take ya aiki yaro wajen mai balangu. Wa ya jawo min wannan in ba ku ba?

Ni aikina wanke haƙori ne, shekara 11 ina kankare dauɗar nan da ke daskarewa a gindin haƙoran mutane ta zama kamar dutse, shi ya sa duk labarin da ya shafi haƙori ba ya wuce ni. Binciken da baƙonku ya rataya a kai na san shi, na 2022 ne, na kogon Gabasa a Sifaniya, inda aka auna sinadarin zink a farin ɓawon haƙori aka ga alamar mai shi maciyin nama ne sosai. Ban musa ba. Amma haƙori ɗaya ne fa Malam, na mutum ɗaya, kuma ɓawon nan tun ana yaro yake haɗuwa ba ya sakewa, abin da mutum ya ci a lokacin shi zai nuna. Mutanen da suka bazu daga Sifaniya har Saberiya, suka yi dubban ɗaruruwan shekaru kafin su ƙare wajen shekara 40,000 da suka wuce, sai a ce duk kwanonsu ɗaya?

Me ya hana shi faɗin na 2017, wanda aka yi gwajin DNA, wato ƙwayoyin gadon halitta, a kan irin dauɗar da nake zubarwa kullum a bola? Na kogon Spy a Beljiyam an samu karkanda mai gashi da tumakin jeji a bakinsu, eh waɗannan sun ci nama. Amma na kogon El Sidrón, a Sifaniyar nan dai, ba a ga alamar nama ba, laimar kwaɗi aka gani da gansakuka da 'ya'yan itacen fayin. Har akwai wani matashi a cikinsu mai ƙurji a dasashi, aka samu ɓawon bishiyar fofla a haƙorinsa, bishiyar da ke da sinadarin da ke kashe zafi irin na asfirin. Wallahi ranar da na karanta wannan sai da na tausaya masa, don na san yadda masu irin ciwon nan ke shigo min da kumburarren kunci ko magana ba sa iyawa, wasu sun cusa kanumfari a ramin. Ga kuma na kogon Shanidar a arewacin Iraƙi, tun 2011 aka fitar da cewa an samu ɓurɓushin dabino da dangin wake da hatsin jeji a haƙoran wani daga cikinsu, hatsin ma dafaffe. Dabino fa! Wannan kaɗai da kun faɗa ai da masu sauraro sun gyara zama.

Kakana Allah ya jiƙansa, in da yau za a tono haƙorinsa a duba jan da ke jiki sai a rantse goro kaɗai ya ci har ya bar duniya, alhali mutumin nan ba ya kwana sai da tuwon dawa. Irin hukuncin da kuka yi kenan. Maganar su wane ne su da inda suka fito ban shiga ba, wannan na malamai ne, ni bakinsu kawai nake magana a kai.

Sannan dan Allah tallan maganin gargajiyan nan da kuke sakawa a tsakiyar shiri, mai cewa yana maganin basir da shawara da ciwon suga duk a kwalba ɗaya, sau uku kuka katse baƙon da shi, a shirin kimiyya kuwa! Layin wayar ma na kira ya fi sau goma, kati na ya ƙare ban samu shiga ba, amma kullum mutum biyu ɗin nan ne ke samu su yi ta gaishe-gaishe.

Ku dawo da baƙon nan ranar Lahadi mai zuwa ya faɗi sauran, kuma ku sanar da wuri don in tabbatar maigidan yana gida.

Taku,
mai sauraronku daga Katsina