Wasiƙa zuwa ga aminina kan aikina a gidan karnuka da kyanwoyi

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Ya aiki, ya kewar gida?

Ka tambaye ni ko gaskiya ne wai ranakun hutuna a gidan karnuka da kyanwoyin da aka yasar nake ƙarar da su, kuma ba a biyana komai. Gaskiya ne. Na san ka sha dariya, to idan ka gama sai ka saurare ni.

Mutane suna zaton wasa da dabbobi muke zuwa yi. Ina! Yawancin aikin na tsintsiya ne da bokiti: a kwashe kashi, a wanke keji da kwanuka, a zuba bilic a ƙasa a bar shi ya ɗan jima kafin a ɗauraye. Abin da muke tsoro shi ne cutar da likitan dabbobi ke kira fabo, mai sa 'yan kwikwiyo amai da gudawar jini, ƙwayarta kuma takan yi watanni a ƙasa ba ta mutu ba. Shi ya sa duk sabon zuwa sai an killace shi, a cire masa kaska da ƙuma, a ba shi maganin tsutsar ciki da allurar rigakafi, kafin ya shiga cikin sauran.

Waɗanda suka fi ba ni tausayi 'yan kyanwa ne da ake tsinta a kwali, idonsu ma bai buɗe ba. Duk awa 2 zuwa 3 sai an ba su madararsu ta musamman da 'yar kwalba, dare da rana, don madarar shanu zawo take sa su. Fitsari ma ba sa iya yi da kansu sai uwa ta lashe su, mu kuwa auduga muke jiƙawa da ruwan ɗumi mu shafa musu har su kai kamar mako 3. Wasu su tashi, wasu ba sa kai labari. Masu ɗaukar kwikwiyo don yana da kyau, ya girma su kai shi nesa su jefar, kada ma ka ja ni magana a kansu.

A ganina, abin da ya fi amfani a gidan nan shi ne fiɗiya, wato aikin da likita ke yi wa dabba, mace ko namiji, don a tsayar da haihuwa. Cikin kyanwa wata biyu ne da 'yan kwanaki, tana iya ɗauka tun tana wata 4 ko 5, kuma ta haihu sau biyu ko uku a shekara. Yi lissafin da kanka, keji nawa ne zai isa?

Ka kuma ce mutane na cikin wahala, ni ina ta hidimar karnuka. Ai don mutanen ma ake yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ciwon haukan kare yana kashe kusan mutum 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, yara da yawa a ciki, kuma kusan duka daga cizon kare ne. Idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura, cutar takan daina yaɗuwa. Tunda kana da ƙananan yara, ka riƙe wannan: in kare ya ciji mutum, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a garzaya asibiti a ranar, don da zarar alamun ciwon sun bayyana, da wuya a tsira.

In ka zo hutu zan ja ka mu je, amma ka taho da tsofaffin kaya. Ka gaishe min da maiɗakinka da yara.

Naka har kullum,
Amininka