A rubuta tarihin Fada John McCarthy da Hausa tun dattawanmu suna raye

Malam Edita,

Ina gaishe ka da aiki, kai da abokan aikinka. Ina roƙon ɗan fili in yi magana a kan mutumin da ya jagoranci cocin Katolika a ƙasar Kaduna fiye da shekara 30, amma yau ko cikin matasanmu masu zuwa Mas kowace Lahadi da wuya ka sami wanda zai gaya maka ko shi wane ne. Wannan abu yana damuna ƙwarai.

Sunansa John McCarthy, Fada ne ɗan ƙasar Ailan, na ƙungiyar SMA wadda aka kafa a birnin Liyon na Faransa a 1856 domin aikin bishara a Afirka. 'Yan wannan ƙungiya ne suka buɗe mishan a Shendam a 1907, daga nan aiki ya yi ta yaɗuwa a Arewa. A 1943 aka danƙa wa McCarthy yankin Kaduna. Da Kaduna ta zama diyosis, wato yankin da bishof ke jagoranta, a 1953 shi ne bishof ɗinta na farko, a 1959 kuma ya zama babban bishof.

Duk mazaunin garin nan yana wuce aikin wancan zamani kullum, ko ya sani ko bai sani ba. Kwalejin Rimi da muke gani, St John's ce da mishan ta buɗe a 1949, sunan ya canja ne bayan gwamnati ta karɓe makarantun mishan a 1972. Haka Kwalejin Sarauniya Amina ta Kakuri, a da Queen of Apostles ce ta su Sista. Asibitin St Gerard kuwa tun 1957 yake karɓar marasa lafiya, Musulmi da Kirista suna layi ɗaya. Gidaje nawa ne a Kakuri da Makera da Tudun Wada ba su da wanda aka haifa ko aka yi wa jinya a can?

Amma ni ba gine-ginen ne suka fi tsaya mini a rai ba. Mahaifina katikis ne, wato malamin coci mai taimaka wa Fada, a wani ƙauye na kudancin Kaduna, kuma daga bakinsa na ji yadda su Fada na lokacin suke aiki. Fada ɗaya ne da ƙauyuka masu yawa a wuyansa, sai a yi watanni bai zagayo ba. Ran da zai zo, tun daga nesa yara ke jin ƙarar babur su ruga tarye. Akwatin kayan Mas a ɗaure a baya, farar rigarsa ta koma ja saboda ƙura, in damina ce kuma sai samari sun ɗauke babur ɗin a kai sun ƙetare rafi da shi. A ajin makaranta yake kwana. Da yamma ya zauna gindin bishiya yana jin masu furta zunubi da Hausar da ya koya da ƙyar, da safe a yi Mas, a yi baftisma, a ɗaura aure, ya rubuta sunan kowa da hannunsa a babban littafi. Baba ya ce tuwon dawa da miyar kuka da aka kawo, shi yake ci. Yana juya baya sauran aiki ya koma kan katikis: koyar da addu'a, jagorantar sujadar Lahadi, jana'iza, sasanta ma'aurata. Su ma waɗannan bayin Allah an manta da su, har fiye da yadda aka manta da Turawan.

Na san akwai dattawan da suka riƙe su Fada a zuci, musamman kan maganar mai mata fiye da ɗaya da kan wasu al'adun gargajiya da aka hana. A rubuta wannan ma, cikinsa yake. Sai dai abin da na fi girmama McCarthy a kansa shi ne bai riƙe kujera kamar gadon gidansu ba. A zamaninsa aka horar da 'ya'yan ƙasa har suka zama Fada, kuma a 1975 ya sauka, Peter Jatau ya gaje shi, ɗan ƙasa na farko a wannan matsayi. Jatau ya riƙe har 2007, ya rasu a 2020, ya tafi da labarai masu yawa da babu mai sake ba mu su.

Mafi yawan abin da aka rubuta a kan waɗannan mutane da Turanci yake, alhali da Hausa suka yi wa iyayenmu wa'azi. Don Allah, Malam Edita, ka tura wakili ya zauna da tsofaffin katikis da matan Zumunta a Kakuri da Kachia da Zonkwa da Kafanchan, ya nemi tsofaffin ɗaliban St John's, har da Musulmin cikinsu, ya roƙi cocin ta nuna masa littattafan baftisma na dā. Ku buga mana abin da ya samo kashi-kashi, ko da shafi ɗaya ne a wata.

Na gode.

Mai karanta jaridarku,
daga Kakuri, Kaduna