Bindigar Baba ɗaya, farashi uku

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu in amayar da abin da ya tsaya mini a maƙoshi tun rasuwar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa. Ni tsohon malamin firamare ne, na yi ritaya na koma noma a ƙasar Alkaleri. Ko kurciya ban taɓa harbi ba. To amma gado ba ya tambayar sana'arka.

Cikin abin da Baba ya bari akwai bindiga mai baki biyu. Mun same ta a bayan gadonsa, naɗe cikin tsohon bargo, tana ƙamshin man keken ɗinki. Ƙotarta ta yi baƙi ta yi sulɓi saboda daɗewa a hannu. Lasisinta kuwa yana cikin akwatin ƙarfe tare da rasitan haraji na zamanin En'e, ɗan littafi da ya yi jawur, shafi bayan shafi duk hatimin sabuntawa. Baba mutum ne mai shakkar hukuma, ko ƙwandala ba ya yarda ta biyo shi. Da aka yi rabo sai bindigar ta faɗo a kason ƙanena, kuma ta dace da shi, don gonarsa ce ke bakin daji inda birai da gyado ke yi masa ɓarna kowace kaka.

Wani tsohon ɗalibina da ya zama lauya ne ya zo gaisuwa ya ja ni gefe. Ya ce, "Malam, lasisin nan na marigayi ne, ba ya bin bindiga." Shi ya warware mini dokar makamai ta 1959, wadda har yau ita ke aiki. Ta kasa bindigogi gida uku: manyan makamai irin na yaƙi sai da izinin Shugaban Ƙasa, irin ta Baba sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, bindigar toka kuma Kwamishinan 'yan sanda na jiha ne ke ba da izininta. Sannan ya faɗi wadda ta girgiza ni, wai magaji kwana 14 kacal doka ta yarda ya riƙe bindigar mamaci. Kwana 14, Malam Edita! Lokacin ko tabarmin zaman makoki ba mu gama naɗewa ba, iyayenmu mata ba su ci komai cikin takaba ba, wa ke ta bindiga?

Na shirya na tafi Bauchi in ji yadda ake mayar da ita sunan ƙanena da abin da ake biya. Ba zan kama sunan ofishi ba, domin gaskiya ranar ban ma kai ga teburin wani ma'aikaci ba. 'Yan kamasho ne suka tare ni tun daga inuwar dogon yaro. Na farko ya dube ni sama da ƙasa, ya dubi takalmina, ya ce naira 150,000. Na biyu, da ya ga na juya, ya biyo ni har wajen mai shayi ya ce shi zai yi a 80,000, kuma ba sai an kawo bindigar an gani ba. Na ukun ya fi su kyan riga. Ya ce ai an rufe ba da lasisi, amma akwai hanya, in kawo 250,000 a buga mini takarda da kwanan watan baya. Na tambayi kowannensu rasit. Ɗaya ya yi dariya ya ce, "Baba, ai takardar ita ce rasit."

Daga baya na tabbatar cewa tun watan Agusta na 2023 muƙaddashin Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar da dakatar da ba da lasisin bindiga. To me waɗannan bayin Allah suke sayarwa? Muka bi shawarar lauya, muka kai bindigar ma'ajiyar makamai ta hukuma, aka rubuta lambarta aka ba mu takardar shaida.

A daren nan ɗana da ke aikin jinya a Houston, jihar Texas ta Amurka, ya kira ni. Ina ba shi labari sai na ji yana dariya. Ya ce, "Baba, wallahi ni ma abin da nake yi ke nan satin nan, ina kwatanta la'adar dillalan bindiga." Abokan aikinsa sun ja shi farautar barewa, ya ga wata bindiga a intanet a hannun mai sayarwa a wata jiha. A can, tun dokar 1968, ba a aiko maka bindiga gida daga wata jiha. Dole a aika ta shagon dillali mai lasisin gwamnatin tarayya a jiharka, ka je da kanka da katin shaida, ka cika fom mai lamba 4473. Fom ɗin yana tambaya ko kai ne ainihin mai sayen, ko an taɓa ɗaure ka kan babban laifi, ko kana shaye-shayen ƙwaya, ko kotu ta taɓa kama ka da dukan iyali. Yin ƙarya a ciki laifi ne na ɗauri. Dillalin ya tura sunanka hukumar binciken laifuka ta Amurka, FBI, ta duba tarihinka, ita ke wannan bincike tun 1998, sau da yawa amsa ta dawo kafin shayinka ya huce. In sun ce a dakata kuma kwana uku na aiki suka wuce shiru, dokar tarayya ta bar wa dillali zaɓin ya miƙa.

Wannan hidimar ce dillali ke karɓar la'ada a kanta, kuma gwamnatin tarayya ba ta yanke ta ba, kowa da tasa. Yaron ya turo mini hoton takardar da ya rubuta. Wani tsohon soja da ke yin aikin a ɗakin gidansa da yamma, dala 25. Wani shagon jingina, 40. Wani babban kanti mai filin gwajin harbi, 75, kuma sun gaya masa ƙiri-ƙiri cewa tsadar don ba a wajensu ya saya ba ne. A gefe ya rubuta ƙananan tambayoyi: la'adar kan kowace bindiga ce ko kan fom guda? Akwai kuɗin ajiya in ka yi jinkirin ɗauka? In bincike ya ƙi ka, wa zai biya kuɗin mayarwa? Ya ce a Kalifoniya abin ya fi haka, akwai kuɗin jiha daban sama da dala 30, sannan sai ka jira kwana 10. A ƙarshe na 40 ya zaɓa, wai na 25 ɗin tafiyar minti arba'in ne, mai zai cinye rarar. Jinin kakarsa ne, ita ma sai ta zagaye kasuwar Muda Lawal kaf kafin ta sayi mudun gero.

Kada mai karatu ya ɗauka ina sha'awar Amurka a wannan fanni. Allah ya kiyaye. A 2021 kaɗai bindiga ta ci ran mutum sama da 48,000 a can, fiye da rabi su suka kashe kansu. A watan Mayu na 2022, a garin Uvalde na ita wannan Texas ɗin, wani matashi ɗan shekara 18 ya shiga makarantar firamare ya kashe yara 19 da malamai biyu, da bindigar da ya karɓa ta hannun dillali mai lasisi, fom a cike. Shekara talatin da biyar na yi a gaban allo, na san yadda aji yake da ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Na faɗa wa yaron ma ban ga abin da ya kai mai jinya ga barewa ba. Ya ce to, Baba. Kun san "to" ɗin 'ya'yan yanzu.

Abin da ya tsaya mini shi ne shi farashi uku ya samu, ni ma uku na samu. Nasa a rubuce suke a bango da intanet, kowanne ya ƙare da rasit da rajistar da ta nuna bindiga mai lamba kaza ta koma hannun wane. Nawa a raɗa aka faɗa mini, gwargwadon yadda aka auna aljihuna.

Kuma mu ba baƙin wannan tsari ba ne. Duk wanda ya taɓa sayen sa a kasuwar Mararrabar Liman Katagum ya san la'adar dillali kafin ya taya. Ya kuma san abin da yake saye da ita, wato shaida. In gobe wani ya zo ya ce sansa ne aka sace, dillali za a nema, shi zai ce daga hannun wane ya fito. Ashe mun tsare wa sa asalinsa, bindiga kuwa mun bar ta tana yawo daga uba zuwa ɗa, daga maƙeri zuwa maharbi, ba mai rubutawa.

Rufe ƙofar lasisi bai sa tsofaffi sun daina mutuwa suna barin bindigogi ba. Da yawa cikin magada, in suka ji 150,000 ba rasit, bargon za su mayar su naɗe su tura bayan gado, bindiga mai rajista ta zama marar rajista. Maharbanmu da 'yan sintiri da ke kwana a dazukan Duguri su ma haka suke, gwamnati na neman taimakonsu da rana, takardarsu kuwa sai Allah. Mun ga abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025, inda aka kashe mafarauta 16 'yan Arewa da ke hanyar komawa gida bayan an ga bindigogin toka a motarsu. Ban ce takarda za ta tare taron da ya haukace ba, amma a shingen bincike ita ce bakin talaka.

Roƙona ga hukuma kaɗan ne. In an rufe, a manna sanarwa da Hausa a ƙofar kowane ofishin yanki cewa an rufe, kada kowa ya ba kowa ko sisi. A ware maganar gado daga maganar sabon saye, tunda bindigar gado tana cikin littafin hukuma tun tuni. A faɗi kuɗin, a biya a banki. 'Yan majalisarmu na tarayya kuma su dubi kwana 14 ɗin nan, su kai shi ko bayan arba'in ne. Sarakunan baka sun san kowane maharbi a ƙasarsu da irin abin da ke rataye a kafaɗarsa, a sa su cikin aikin.

Bindigar Baba tana nan a ma'ajiya, takardar shaidarta tana cikin akwatin ƙarfen nan inda lasisin yake. Ƙanena kuwa masararsa ta fara gemu. Jiya na iske shi a kan rumfar gadi ya ɗaura gwangwanaye a igiya yana ja, birai na zaune a kan dutse suna kallonsa. Ya ce, "Yaya, har yanzu shiru?" Na ce masa na rubuta wa jarida.

Naku,
Tsohon malamin firamare,
Alkaleri, Jihar Bauchi.