Kwaɗon da Kuka Ba Ni: Godiya ga Kamfaninmu na Fasa Dutse a Bauchi

Zuwa ga Manaja, da Injiniya mai kula da horar da ma'aikata, da duk masu aiki a ƙarƙashinsu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya. Da na so, da na shigo ofis na yi godiyata a tsaye na koma bakin aiki. Na gwammace in rubuta ta a fili, domin abin da kuka yi mana ya kamata ya kai kunnen sauran masu wuraren haƙa. Ni ɗaya ne daga cikin mutum takwas da kuka cire daga aikin guduma da lodin tifa, kuka mayar kan sabon injin niƙa dutse. Yau wata biyar ke nan, kuma mu takwas ɗin muna nan, kowa da yatsunsa goma.

Ni mutumin ƙasar Toro ne. Kakana yana cikin waɗanda aka kwasa aikin tilas zuwa filayen kuza na Jos a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, tsakanin 1942 da 1944. Mahaifina ya gaji diga da kwanon sarki, ni kuwa ban cika shekara goma sha biyar ba na fara shiga loto, wato ramin haƙar kuza mai zurfi kamar rijiya. Duk wanda ya san loto ya san yadda ake koyon aikin: a ɗaura maka igiya a ƙugu, a ce ka yi bismillah, a zura ka. Abin da ka sani, daga tsautsayin wanda ya riga ka ka koye shi. A gabana aka zaro mutum biyu ba rai. Ɗaya ƙasa ce ta rufta masa bayan ruwan sama, ɗayan kuma hayaƙin injin zuƙe ruwa ne ya cika ramin, ya kwanta kamar mai barci. Muka ce ƙarar kwana, muka yi sallar gawa, bayan kwana uku muka koma. Ƙarar kwana gaskiya ce, ba mai ja da ita. Amma an koya mana tun muna yara cewa ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali, mu kuwa babu wanda ya taɓa nuna mana inda igiyar take.

Da wannan tarihin na zo wurinku. Shi ya sa ranar da helma ya ce sai mun yi mako uku ana koya mana kafin a bar mu mu taɓa injin, raina ya ɓaci. Na samu Injiniya na ce masa shekara ashirin da wani abu ina cin abinci da dutse, me ya rage da za a koya mini? Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam, dutse kam ka fi ni saninsa. Amma wannan injin bai san ka ba, kai ma ba ka san shi ba. Yaron da ya zo jiya yana tsoron komai, shi ya sa yake dubawa. Ku tsofaffin hannu na fi ji wa tsoro, domin hannunku yana riga tunaninku." Na fita ban gamsu ba. Sai daga baya na gane maganar nan ita ce gindin horon gaba ɗaya. Mutumin da ya saba in dutse ya maƙale ya kai hannu ya ture, ranar da aka kai shi gaban injin hannun nan zai tafi da kansa. A nan na ga abin da ake nufi da sabo turken wawa.

Na gode da kuka yi koyarwar da Hausa, a rumfar da muke cin abinci, ba a aji da allo cike da Turanci ba. Na gode da ba a taɓa mana ko kwabo daga albashi ba a makonnin nan uku, domin mai tunanin abin da za a ɗora a tukunya ba ya jin karatu.

Kwanakin farko injin a kashe yake. Injiniya ya bi da mu tun daga bakin da tifa ke juye dutse, zuwa muƙamuƙin da ke murƙushe shi, zuwa bel ɗin da ke jan sa, zuwa rariyar da ke raba tsakuwa da ƙura. A kowace gaɓa sai ya tsaya ya ce mu nuna masa inda injin zai iya kama mutum. Mukan nuna wuri biyu, shi ya ƙara uku. A rana ta biyar ya yi abin da har yau yana idona. Ya samo karan rake mai kauri, ya sa masa hannun wata tsohuwar riga, ya ja mu baya, ya sa aka kunna bel. Da dogon sanda ya matsa da raken kusa da inda bel ke naɗewa a jikin ƙarfen da ke juya shi. Bakin rigar kawai ya taɓa. Kafin ƙiftawar ido ya shige, muka ji ƙas, ruwan rake ya fantsamo har kan takalmina. Aka kashe, aka zaro abin da ya saura, ya zama kamar tsumman da aka matse. Babu wanda ya ce uffan. Tun daga ranar ba a ƙara yi wa kowa wa'azi kan barin riga mai faɗin hannu ko rawani mai jela ko zobe ba. Akwai kuma igiyar tsayar da bel da ke bin gefensa tun daga farko har ƙarshe. Kowannenmu sai da ya ja ta sau da yawa, da dama da hagu, har da ido a rufe, don in ranar ta zo kada mutum ya tsaya nema.

Sai maganar kwaɗo, wadda ita ce ainihin dalilin wannan takarda. Kun ba kowannenmu jan kwaɗo guda, mai mabuɗi ɗaya tak, da kati mai hotonsa da sunansa a rataye. Ƙa'idar ita ce, kafin ka sa hannu ko ƙafa cikin injin, ka je babban akwatin wuta ka kashe, ka rufe da kwaɗonka, ka sa mabuɗin a aljihu, sannan ka dawo ka danna maɓallin tayarwa ka tabbatar injin ya mutu. In mutum huɗu za su shiga, kwaɗo huɗu za a rataya. Manaja da bakinsa ya ce mana ko shi ba shi da ikon cire kwaɗon lebura. A lokacin na ɗauka ƙa'ida ce irin wadda ake yi don masu zuwa duba aiki.

Wata Alhamis cikin damina, dutse ya zo da laka, ta taru a ƙarƙashin bel ta can ƙarshe har ya fara karkacewa. Tifa tara na layi, direbobi sai hon suke yi. Aikin bai wuce na minti biyar ba, akwatin wuta kuwa yana da ɗan nisa, sai ka hau matakala ka sauko. Wallahi zuciyata ta ce mini an riga an tsayar da bel, shiga ka kankare ka fito. Na ɗauki ƙarfen kankara har na sunkuya, sai kwaɗon ya bugi cinyata a aljihu. Na miƙe, na hau, na kashe, na rufe, na gwada maɓalli, sannan na shiga. Ashe lokacin canjin aiki ya yi. Abokin aikina da ya karɓa ya leƙo daga sama bai ga kowa ba, domin ina kwance a gefe ɗaya ƙarƙashin bel, hannuna har kafaɗa yana tsakanin bel da ƙarfen da ya cinye raken nan. Ya ga layin tifa, ya danna maɓalli. Shiru. Ya sake dannawa, shiru. Ya nufi akwati don ya ga ko wuta ce ta ɗauke, sai ya yi ido biyu da hotona. Ni ban san abin da ake ciki ba sai da na ji ana ƙwala mini kira da muryar da ban taɓa jin sa da ita ba. Da na fito ya riƙe hannuna na dama da hannu biyu yana ta innalillahi, ya kasa saki. Da dare na zauna cin tuwo da 'ya'yana huɗu, na daɗe ina kallon hannun nan a cikin kwano.

Abin da kuka yi washegari shi ma ya cancanci a faɗa. Ba a kori bawan Allah nan ba, ba a ci masa mutunci a gaban jama'a ba. Kun tara mu aka bi abin daki-daki, aka ga cewa gibin yana wurin miƙa aiki ne. Yanzu mai karɓa sai ya taka da ƙafarsa tun daga bakin injin har ƙarshen bel tare da mai miƙawa, a busa jiniya, a ɗan jira, sannan a tayar. Da an hukunta shi, da duk wanda ya sha da ƙyar nan gaba ɓoyewa zai yi.

Ina miƙa godiya ta musamman ga Hajiya nas da ta yi mana bayanin ƙura. Mu a da tari bayan aiki gajiya muke ɗaukar sa, a sha madara a kwanta. Ita ta fahimtar da mu cewa dutsen da muke niƙawa yana ɗauke da sinadarin silika, kuma ƙurar da ido ba ya gani ita ce ke sauka can cikin huhu ta yi tabo. Tabon ba ya warkewa, ba shi da magani, yana kuma buɗe wa tarin fuka ƙofa. Ƙyallen da muke ɗaurewa a hanci ba ya tare ta. Ta gwada wa kowa takunkumin da ya dace da fuskarsa, ta nuna mana yadda ake toshe shi da tafin hannu a ja numfashi don a ji ko iska na shiga ta gefe. Kuka kafa dokar cewa in ruwan da ke fesa wa dutse ya tsaya, injin ma ya tsaya. Ta tuna mana da Zamfara a 2010, inda gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega, saboda ana kai dutsen zinariya cikin gida ana niƙawa. Ta ce namu ba dalma ba ce, amma kada wanda ya kai wa iyalinsa ƙurar wurin aiki. Tun daga nan kayan aikina a nan nake barin su. Kan ƙara kuwa ta ba mu ma'auni mai sauƙi: in sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsaye kusa da kai ya ji ka, to ƙarar ta kai wadda ke cin kunne a hankali, ka sa abin toshewa.

Sauran darussan ba zan tsawaita ba. An koya mana jiniyar tashin nakiya da jan tuta, da cewa nakiyar da ta ƙi tashi ba mai kusantarta sai wanda ke da izinin aikinta. An ɗora mu ɗaya bayan ɗaya a kujerar direban tifa, aka jera mutum shida a bayan motar, ban hango ko ɗaya ba. Bayan koyarwa kowa ya yi mako biyu a gefen wanda ya ƙware, sannan aka gwada mu da baki da hannu, don kada rashin karatun boko ya tauye kowa. Ɗaya daga cikinmu bai haye a karon farko ba, kuka ƙara masa mako, yau yana cikin waɗanda aka fi dogara da su.

Kun kuma gaya mana abin da wasu masu gida ke ɓoye wa ma'aikatansu: cewa akwai Dokar Ma'adinai ta 2007 da sufetocin gwamnatin tarayya masu duba wuraren haƙa, da Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 wadda hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF ke kula da ita. Kuka ce duk wanda aka sa shi aikin da ba a koya masa ba ya ce bai iya ba, ba abin da zai same shi. Na gwada wannan sau ɗaya da aka ce in riƙe wa mai katafila, kuma helma bai ko ɓata fuska ba.

Ranka ya daɗe, ina da roƙo. Aikin haƙa yana canza kama a yankin nan. Masu farar ƙasa a Alkaleri da 'yan kuza a Toro, da maƙwabtanmu na Gombe masu kwal a Maiganga da jifsom a Nafaɗa, mutane da yawa da suka tashi da diga da shebur yau injin suke tsaye a gabansa. Mun ji abin da ya faru a Shiroro ta Jihar Neja a watan Yunin 2024, da ramin haƙa ya rufta kan ma'aikata bayan ruwan sama mai yawa. Ƙannena biyu suna loto har yanzu. Da na je gida na zauna da su na faɗa musu abin da na iya, musamman maganar ajiye injin ruwa nesa da bakin rami, amma maganar yaya daban, ta Injiniya daban. In da hali, ku ware ko da rana ɗaya a wata ku buɗe rumfar nan ga masu haƙa da hannu. Ku sa da matan da ke fasa tsakuwa a bakin hanya kusa da ƙofarmu, waɗanda ke wuni cikin ƙura da goyo a baya ba takunkumi. Ni na ɗauki nauyin kawo mutanen Toro, kuma in Injiniya ya yarda ni zan sayo raken.

Ina gaida Injiniya da Hajiya nas da helma, da mai kula da sito da bai taɓa cewa takunkumi ya ƙare ba. Mai ɗakina ta ce lallai in sa gaisuwarta, ita da yara. Allah Ya saka muku da alheri, Ya tsare ku da iyalanku.

Wassalam.

Naku,
Ma'aikacin injin niƙa dutse,
Bauchi.