Amsa ga ƙanena da ya tambaya ko kunnena ne ya mutu

Ƙanena,

Ya Abuja, ya madam da yara? Na ga tambayarka. Gaskiya ba ni na fara gani ba, yaran band ne suka turo min hoton rubutun tun da asuba, kafin azahar mutum wajen goma sun kira ni kamar an yi rasuwa. Kana da lambata, ba ta canza ba tun zamanin da ake sayen layi da kuɗin akuya, amma ka ga ya fi maka ka tsaya tsakiyar Facebook ka ɗaga murya, to nima bari in shimfiɗa tabarmata a inda ka shimfiɗa taka.

Ga waɗanda ba su gani ba, cewa ya yi wai ni da na shekara goma sha biyar ina wa yara wa'azi cewa gita ba ta magana sai ta bakin amfilifaya mai kwalba, wato irin na da mai bawul na gilashi a ciki kamar tsohon rediyo, yau ga ni a siteji da ɗan akwatin kwamfuta ina tattakawa kamar tela a kan keke, to kunnena ne ya mutu ko dillalan kaya ne suka saye ni? Sai ya rufe da cewa ina Fender ɗin Baba, wato amfilifayarsa mai kwalba, ko shi ma an kai shi kasuwa?

Maganar dillalai dariya kawai ta ba ni. Wane dillali ne zai ɓata kuɗinsa a kan mai gita na Tudun Wada? Ɗan akwatin HX Stomp ne, modela, wato na'urar da ke kwaikwayon sautin amfilifaya, na hannu na saya, sau uku na biya, wanda ya sayar min yana nan da ransa ka je ka tambaye shi. Kunne kuma, to, shekara talatin ina tsaye gefen mai ganga, in ya ragu ba abin mamaki ba ne, amma har yanzu yana jin lokacin da bes ya kauce daga ki, wato muryar waƙar, kai ma shaida ne.

Wadda ta taɓa ni ita ce ta Baba. Wannan ba tambaya ka yi ba, wuƙa ka soka ka murɗa, kuma ka san abin da kake yi. Fender ɗin Baba yana ɗakina, a kan katako don kar damshin ƙasa ya taɓa shi, an lulluɓe shi da bargon da Baba da kansa yake rufa masa lokacin sanyi. Duk wata sai na kunna shi ya ɗan yi zafi ko ba ni da wasa. Twin Reverb ne mai farar fuska na shekarun 1970, lasifika biyu masu inci 12, kwalba goma cif a cikinsa, manya huɗu 6L6 da ƙanana shida. Na san ƙamshin ƙurarsa in ya ɗau zafi kamar yadda na san ƙamshin ɗakin uwata. Da Baba ya kwanta ciwo wata huɗu ni nake kai shi asibiti ina dawo da shi, kai ka zo sau ɗaya da lemo a leda kuma ba ka zauna ba don motarka tana jira. Ban taɓa faɗin wannan a waje ba sai yau da ka ja ni. Da Mama ta ce in ɗauki akwatin bayan rasuwa ba roƙo na yi ba, ita ta kira ni. Allah ya jiƙan Baba, ya kuma yafe maka da ka sa sunansa cikin neman layik.

Yanzu bari mu yi maganar aiki, tunda ka ce kai masani ne.

Ka tuna bikin da muka yi a Shendam, kai ne a kan bes ranar. Mun taso daga Jos a bas, akwatin nan da ya haura kilo 30 yana baya tare da kujeru da kuloli, duk ramin da direba ya faɗa sai na ji a ƙirjina. Mun isa, mun kunna, ɗaya daga ƙananan kwalaben ta fara ƙara kamar an taka ɗan kyanwa, girgizar hanya ta lalata ta. Na canza da wadda nake yawo da ita cikin safa. Sai janareta, wanda aka haɗa masa firiza biyu da fitilu da injin mai hoto, wuta na hawa tana sauka kamar numfashin mai asma. Shi kuma akwatin Baba ɗan Amurka ne, bolt 120 yake ci, namu 230 ne, dole sai da taransifoma, dole sai da sitabilaiza, wato kaya uku nake ɗauka ba ɗaya ba. Daidai lokacin da amarya ta sako ƙafa a ƙofa fis ya tashi. Ta yi tafiyarta har kujera da ganga da bes kawai, ni ina tsugune a bayan akwati da tocilan a baki. Uban ango ya zaftare mana kuɗi, kuma ban manta ba kai ne ka fara cewa a cire daga kasona tunda kayana ne suka ba da matsala. A ranar ban ji ka yi waƙar daɗin kwalba ba.

Abin da ba ka gaya wa masu tafa maka ba shi ne, amfilifaya mai kwalba ba ya sakin muryarsa sai an buɗe masa wuta. Twin kuwa in ka buɗe shi har inda yake fara daɗi, layin gaba sai sun toshe kunne. A coci kafin in kai lamba uku a maɓallin ƙara dattawa sun fara waiwaye, a wajen biki mai miksa yana ɗaga min hannu tun daga nesa, oga rage, oga rage. Ƙarshenta ina kiɗa a kan biyu, an kafa makirfo ɗaya a bakin lasifika, sautin ya bi waya ya shiga miksa ya fito ta manyan sifikun haya da rabinsu sun fashe. To don Allah abin da matar da ke zaune a tebur na ashirin take ji, kwalba ce ko sifikar mai haya? Na yi shekaru ina karya bayana don wani daɗi da ba ya wuce taku uku daga inda nake tsaye.

Sai kuɗi. Kwalba ba dutse ba ce, tana tsufa kamar ƙwan fitila, manyan kuma ba a canza ɗaya a bar uku, sai a samo waɗanda ƙarfinsu ya zo ɗaya sannan a yi musu saiti. Duniya gaba ɗaya masana'antun da suka rage suna yinta ba su da yawa, akwai ta Saratov a Rasha, akwai JJ a Sulobakiya, sai 'yan na Sin. Da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022 kwalba ta yi wuya har a Turai da Amurka, masu dala ma layi suka bi. Kafin mu farfaɗo sai 2023 ta zo, aka cire tallafin mai aka saki naira, dalar da muke saya ƙasa da 800 ta haura 1,500 a farkon 2024. Ka lissafa min biki nawa zan yi kafin in sayi 6L6 guda huɗu in biya kuɗin kawowa, sannan in ɗora su a bayan bas zuwa Langtang. Kai da kake kiɗa a otal a Maitama, wuta ba ta ƙiftawa, yara biyu na ɗaukar maka kaya, lifta na hawa da su, ai inda ba ƙasa nan ake gardamar kokawa.

Ɗan akwatin da kake wa dariya yana shiga jakar goyo tare da wayoyina. Keke napep ɗaya ya ishe ni daga gida zuwa Rayfield. Cajarsa ba ruwanta da 120 ko 230, waya ɗaya nake miƙa wa mai miksa shikenan. Sautin da na saita a ɗakina ranar Laraba shi zai fito a Bukuru ranar Asabar, shi zai fito a coci ranar Lahadi da ƙarar da ba za ta tada jariri ba. A waƙa ɗaya ina iya tashi daga tsabtataccen sauti irin na hailaif in faɗa mai gurnani irin na amfilifayar Marshall da taku ɗaya. Kuma ba jiya aka fara ba, tun 1998 kamfanin Line 6 suka fito da modelansu POD, jan nan mai kama da ƙwayar wake, a lokacin sautinsa kamar ƙudan zuma a gwangwani, ni ma na zage shi kuma ban janye ba. Amma modela irin Kemper ya zo a 2011, Helix a 2015, abin ya tashi daga wasan yara. Metallica, babban band ɗin Amurka, da suke da kuɗin sayen kwalba tirela guda sun fi shekara goma suna hawa siteji da modela mai suna Axe-Fx. Su ma dillalan kasuwar Terminus ne suka saye su ko?

Wasu a ƙarƙashin rubutunka suna ta cewa a rufe mana ido a gwada a gani. Ba sai an rufe min ido ba, zan faɗa da bakina, akwai bambanci. In na tsaya gaban akwatin Baba na ja tsirkiya, iska tana bugun ƙafar wandona, in na sassauta hannu ya sassauta, in na danna ya ɗan nitse sannan ya taso kamar mai jan numfashi, wannan abin ban same shi cikakke a modela ba, musamman in monitan da aka ba ni, sifikar da nake jin kaina da ita, irin na haya ne mai sautin kwali. Kuma na san in akwatin Baba ya lalace duk tsohon mai gyaran rediyo da ya san bawul zai iya buɗe shi da ƙarfen soda ya tashe shi, in dai ya san akwai bolt sama da 400 a ciki da kan kwanta ko an zare waya. Modela kuwa ran da allonsa ya mutu sai dai in yi masa addu'a, ba mai taɓa shi a garin nan. Fender ya kusa shekara hamsin yana aiki, wannan ban ba shi goma ba. Duk na sani. Amma daɗin nan ni kaɗai nake jinsa, kuma ba ni aka ɗauko a faranta wa rai ba, amarya ce. Abin da na koya wa yara da ban ce ƙarya ba ne, na dai ƙara sanin abin da bayana da aljihuna za su iya ɗauka, jiki magayi.

Kuma tunda a Jos muke, ka tuna Ɗan Maraya, Allah ya jiƙansa, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya zaga duniya. Baba kullum shi yake kawo mana misali in muka fara kukan kaya, ya ce ku gyara yatsunku tukuna. Kai ka fi kowa shan wannan faɗan, shi ya sa na yi mamaki da ka zama limamin kaya.

Ko da yake ruwa ba ya tsami banza. Sau biyu kana aiko min a kan in sayar maka da akwatin nan, na farko da kanka, na biyu ta bakin wani, duka na ce a'a. Sai ga shi bana na ji ka buɗe harkar ba da hayar kayan siteji a Abuja, kana tallar cewa kai kaɗai ke da na asali masu kwalba. Allah ya sa albarka, da gaske nake. Amma in talla kake so ka yi tallarka, ba sai ka taka wuyan yayanka ka hau ba.

Abin da ya fi ci min rai ma ba kai ba ne, yadda muka zama ne. Rubutunka ya tara sharhi ɗari da wani abu, manyan makaɗan garin nan kowa ya fito da ilminsa, wannan ya ce kwalbar EL34 wancan ya ce 6L6. Ina waɗannan bakunan suke lokacin da ake kiranmu wasa a ba mu adibas a ce balans sai Litinin, Litinin ɗin da ba ta zuwa? Mai ado da fulawa an biya shi cas tun kafin biki, mai hoto an biya shi, band kuwa a ajiye mu bayan kanofi kusa da janareta, abinci sai in ya ragu. Masu hol suna zuba miliyoyi a tayil da labule amma soket ɗin siteji ba shi da wayar ƙasa, ka taɓa tsirkiya leɓenka ya taɓa makirfo wuta ta ja ka, ni ta ja ni ba sau ɗaya ba. Yara masu hannu suna barin gita suna komawa tura waƙa da laftof don DJ ɗaya ya fi band mai mutum bakwai arha. Ba wanda ya taɓa rubuta layi biyu a kan wannan. Amma a ce wane ya canza akwati, kowa ya wasa wuƙa. Yaron da yake koyo yanzu a Nasarawa Gwom ko Anguwar Rukuba, wanda da ƙyar ya haɗa kuɗin ƙaramin modela irin na Zoom na hannu, ya karanta rubutunka me ka gaya masa? Cewa shi ba makaɗi ba ne sai ya mallaki abin da ko ubansa ba zai iya saya ba? Mu da muka koya da gitar da aka ɗaure wa wayar birkin keke?

In kewar muryar akwatin Baba ce take damunka, ƙofata a buɗe take. Biyu daga manyan kwalaben sun gaji, ɗaya har ta fara ja in ta jima a kunne, don haka in za ka zo ka taho da 6L6 guda huɗu 'yan saiti ɗaya, tunda ka fi ni kusa da masu dala. Ranar Asabar ta sama muna da wasa a Bukuru, hol ɗin a bene na biyu yake kuma ba lifta. Ka ɗauko shi daga ɗakina ka hau da shi, da taransifomar da sitabilaizar, ni kuma wallahi zan bar modela a gida in kiɗa da shi daga farko har ƙarshe, in fis ya tashi a cire daga kasonka. Ka haɗo min da fedal ɗina na Boss da ka ara tun bikin Shendam.

Ka gaida madam.

Yayanka,
mai gita na Tudun Wada, Jos