Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Girma Gwamnan Jihar Sinnar

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Ni malamin firamare ne a Mai Wurno, kuma buƙata ɗaya ce ta sa na ɗauki alƙalami. Yanzu da ake ƙoƙarin tada makarantu bayan ɓarnar yaƙin da ya ɓarke a ƙasarmu Sudan a Afrilun 2023, ina roƙon a sa tarihin garuruwan jihar nan da labarin ƙasarsu cikin darasin yara, har da na Mai Wurno.

Darajar Sinnar ba sai an gaya maka ba. Fadar sarakunan Funj ce tun zamanin Amara Dunƙas a 1504, har zuwa 1821 da rundunar Isma'il Fasha ta shigo. Madatsar da aka gama a 1925 ita ke tura ruwan Nilu Shuɗi zuwa gonakin Jazira. Wannan yaranmu sun haddace. Amma tambayi yaron Sinja ko na Suki yadda aka kafa Mai Wurno, garin nan da ke kudu da madatsar kaɗan, wanda suke shan kogi ɗaya da shi, da wuya ka ji amsa.

Labarin kuwa a fili yake. Turawan Ingila sun ci Sakkwato a Maris na 1903. Sarkin Musulmi Attahiru ya ƙi zama a ƙarƙashinsu, ya yi hijira gabas, ya yi shahada a Burmi cikin Yulin wannan shekarar. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a, maza da mata da goyo, suka bi tsohuwar hanyar mahajjata a ƙafa. Da suka iso bakin kogin nan sun fara sauka a ƙauyen Shaihu Ɗalha, daga baya suka tsallake suka sari daji suka kafa gari, wajen 1906. Tun kafin a gina madatsar Sinnar ke nan. 'Ya'yansu da jikokinsu suna cikin waɗanda suka tsinci audugar Jazira da hannu, suka noma dawa a Gadarif.

Ranka ya daɗe, ba don alfahari nake wannan roƙo ba. Mun ga jinin da aka zubar a jihar Nilu Shuɗi a Yulin 2022, mun kuma ji ana kiran Hausawa baƙi, mutanen da kakanninsu ke kwance a maƙabartun ƙasar nan. Yaron da ya karanta labarin maƙwabcinsa tun yana aji huɗu, ba kowa ne zai iya zuga shi a kansa ba.

Abin da ya fi tada mini hankali shi ne lokaci. Dattawan da suka ji labarin hijira daga bakin waɗanda suka yi ta suna ƙarewa. Na ga takardun ajami a gafakar wani tsoho, gara ta cinye gefensu, tawadar ta dusashe har sai an ɗaga su wajen haske kafin a karanta. Ka sa Jami'ar Sinnar ta haɗa kai da fadar Sarkin Mai Wurno, a naɗi muryoyin dattawan nan, a ɗauki hoton takardun, a fitar da ƙaramin littafi da taswirar jiha, kowane gari da labarinsa. Mu malamai a shirye muke mu bi gida-gida in an ba mu izini.

Allah ya yi maka jagora.

Naka,
Malamin makaranta, Mai Wurno